Zomo Ya Sauka, Gimbiya Ta Hau: Rigimar Masoyan Splash Mountain

Ranar 22 ga Janairun 2023 jama'a suka yi dafifi a Magic Kingdom, ɗaya daga cikin wuraren shaƙatawa na kamfanin Disney a jihar Fulorida ta Amurka, suka kafa layi na sa'o'i don su yi hawan ƙarshe a kan wani lilon ruwa mai suna Splash Mountain. Washegari aka rufe shi. Kafin mako ya zagayo sai ga kwalabe da 'yan robobi sun bayyana a kasuwar eBay, masu su na cewa ruwan da ke ciki daga magudanar lilon suka ɗebo shi ranar ban kwana. Ruwa ne kamar kowane ruwa, amma ya samu masu tayawa.

Mu da muke kallon abin ta fuskar waya, dariya muka fara yi. Ana fama da tsadar shinkafa, wasu na kukan an sauya wa lilo fenti. Dariyar ta tsaya ne lokacin da muka duba ko labarin wa ke cikin dutsen da ake wa wannan makoki. Labarin Zomo ne, mai wayon nan da ke sa ƙato ya haƙa rami ya faɗa da kansa. Da muka bi sawun rigimar kuma, sai muka tarar gardama ce ta adabi: wa ke da tatsuniya, wa ya ba da ita, kuma me ke faruwa idan aka zare labari daga ginin da aka yi dominsa aka cusa wani.

Ga wanda bai taɓa ganin lilon ba, akwai bidiyonsa birjik a YouTube, waɗanda mahaya suka ɗauka tun daga shiga har fita. Ana zaunar da mutane cikin wani kwalekwale da aka yi wa siffar kututturen itace, ruwa ya ja shi cikin wata doguwar magudana da ke kewaya wani dutsen da aka gina da siminti. Tafiyar ta kai minti goma. A gefen hanya akwai dabbobin inji masu motsi da waƙa. Zomo, wanda suke kira Br'er Rabbit, ya gaji da zaman gida ya fita yawon duniya. Dila, wato Br'er Fox, na biye da shi da yunwa, tare da wani ƙaton sakarai mai suna Br'er Bear, wanda matsayinsa a labarin shi ne matsayin Kura a wurinmu. Duk tarkon da Dila ya ɗana, ƙaton ne ke faɗawa. Daga ƙarshe dai aka kama Zomo, ya maƙale cikin zuma.

Daga nan waƙar murna take ɗaukewa. Haske ya ragu, kwalekwale ya fara hawa wani dogon tudu a hankali, sarƙa na ƙara a ƙarƙashinsa. Ungulaye biyu na zaune a sama suna yi wa mahaya ba'a, irin ba'ar wanda ya san gawa na tafe. A ƙololuwa ga Zomo a ɗaure a gidan Dila, yana roƙon a yi masa kowace irin azaba amma kada a jefa shi cikin sarƙaƙiya. Dila, da yake mugu ne maras lissafi, sai ya jefa shi can ɗin. A daidai wannan lokaci kwalekwalen ke suɓucewa ya gangaro kimanin ƙafa 50 zuwa cikin ƙayoyin roba da feshin ruwa. Sarƙaƙiya kuwa gidan Zomo ce, a cikinta aka haife shi. Faɗuwar da ta tsinka wa mahayi zuciya ita ce kuɓutar jarumin labarin.

An buɗe na farko a Disneyland ta Kalifoniya a 1989, na Fulorida da na Tokyo suka biyo baya a 1992. Tony Baxter ne ya jagoranci tsara shi, kuma da yawa daga dabbobin injin na Kalifoniya an kwaso su ne daga wani tsohon wasa mai suna America Sings da aka rufe. Wannan ya kamata masu cewa kada a taɓa tarihi su riƙe shi: lilon da suke karewa shi ma da kayan wani marigayin aka haɗa shi.

Matsalar tana can tushe. Dabbobin da waƙoƙin an ɗauko su daga fim ɗin Song of the South na 1946, shi kuma fim ɗin daga littattafan Joel Chandler Harris, wani Bature ɗan jarida na jihar Jojiya. Harris yana matashi ya yi aiki a wata gonar bayi kusa da garin Eatonton lokacin yaƙin basasar Amurka, a nan ya saurari tatsuniyoyin Zomo daga bakin bayi baƙar fata. A 1880 ya fitar da littafinsa na farko, ya ƙirƙiri wani tsohon bawa mai suna Uncle Remus ya sa labaran a bakinsa, yana ba wa wani yaron Bature. Tatsuniyoyin na bayi ne, da hikimar wanda ba shi da ƙarfi sai dabara. Mai ba da su a littafin kuwa tsoho ne mai fara'a da ba shi da wani ƙorafi a duniya, irin tsohon da masu gonakin suke so a ce haka bayinsu suke.

Disney ta ɗauki wannan tsoho ta ƙara masa launi da waƙa. An ce labarin fim ɗin bayan 'yanta bayi ya faru, amma fim ɗin bai fito fili ya faɗa ba, mai kallo dai na ganin baƙar fata suna dawowa daga gona suna rera waƙa cikin jin daɗi, Turawa na zaune a babban gida. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta soki hoton tun a shekarar da ya fito. An yi bikin buɗe fim ɗin a Atlanta, kuma James Baskett, wanda ya fito a matsayin Uncle Remus, bai halarta ba, domin birnin na ƙarƙashin dokar wariyar launin fata. A 1948 aka ba shi lambar girmamawa ta Oscar. Rabon da a nuna fim ɗin a silimun Amurka tun 1986, kamfanin bai taɓa sakinsa a kaset ko faifai a ƙasar ba, kuma a Maris ɗin 2020 shugabansa Bob Iger ya tabbatar ba za a sa shi a Disney+ ba.

Wannan ya haifar da wani abu mai ban mamaki: shekara talatin miliyoyin mutane na hawa lilon wani fim da mai shi ya kulle a sito. Masu ginin ma sun san da matsalar tun farko. Babu Uncle Remus a cikin dutsen. 'Yar tsanar kwalta da Zomo ya maƙale wa a asalin labarin, wadda sunanta ya zama zagi ga baƙar fata a Amurka, an maye ta da zuma.

Ranar 25 ga Yunin 2020, wata guda cif bayan ɗan sanda ya kashe George Floyd a Minneapolis, Disney ta sanar za ta sauya lilon ya koma labarin Tiana, jarumar The Princess and the Frog na 2009, gimbiyar Disney baƙar fata ta farko. Kafin sanarwar an riga an yi ta yaɗa wata takardar koke a intanet mai neman hakan. Kamfanin ya ce tun shekarar da ta gabata yake aikin. Nan take wasu suka buɗe tasu takardar ta neman a bar musu dutsensu. Sabon lilon, Tiana's Bayou Adventure, ya buɗe a Fulorida ranar 28 ga Yunin 2024, a Kalifoniya kuma ranar 15 ga Nuwamba.

Cikin masu adawa, waɗanda suka fi ɗaga murya su ne suka fi ƙarancin hujja. Su a wurinsu kamfanin ya ji tsoron 'yan zanga-zanga ne ya miƙa wuya, kuma duk abin da aka sa baƙar mace a gabansa siyasa ce. Ba za mu daɗe a kansu ba. Disney ta sha yin irin wannan sauyi ba tare da wata zanga-zanga ba. A 2016 ta mai da Maelstrom na Epcot, wanda ke nuna almarar ƙasar Norway, ya koma Frozen Ever After. A 2017 ta mai da Tower of Terror na Kalifoniya gidan Guardians of the Galaxy. Dalilin ɗaya ne: fim ɗin da ke kawo kuɗi shi ke samun gini. 'Yar tsanar Tiana na da kasuwa, rigarta na da kasuwa, fim ɗinta na nan a Disney+. Zomon da ba a iya nuna fim ɗinsa, me zai sayar? Wanda ya ce tsoro ne kaɗai ya sa aka yi, bai duba aljihun kamfanin ba. Wanda kuma ya ce tsabar adalci ne, shi ma ya yi wa kamfanin kyakkyawan zaton da ya wuce kima.

Akwai wani rukuni da ya fi wannan cancantar a saurare shi. Su cewa suke yi: mu ba mu taɓa ganin fim ɗin ba, 'ya'yanmu ma haka, abin da muka sani Zomo ne da Dila da ranar da mahaifinmu ya riƙe mana hannu a kan tudun nan. A wurin yin sauyin ne ma da yawa suka fara jin sunan Song of the South. Wannan gaskiya ce, kuma ba ma raina ta. A daidai gangarar akwai kyamara da ke ɗaukar hoton kowane kwalekwale, gidaje da yawa na da hoton nan a bango, wasu na ciki sun riga mu gidan gaskiya. Mai sayen ruwa a kwalba ba wawa ba ne, kewa ce ta yi masa yawa. Sai dai rashin sanin tushen abu ba ya goge tushen. Wanda bai ji komai ba a cikin waƙar, ya yi sa'a ne ba kakarsa ake kwaikwaya ba. Akwai iyalai baƙar fata da suka san fim ɗin sarai, suna shiga kwalekwale ɗaya da waɗancan, suna jin waƙa ɗaya, amma ba abu ɗaya take tuna musu ba. Ba kuma duk baƙar fata ne bakinsu ya zo ɗaya ba: Whoopi Goldberg ta nemi a 2017 a fito da fim ɗin a kalla, a tattauna yadda aka yi aka haife shi, maimakon a ɓoye.

Masu murna da zuwan Tiana su ma suna da abin faɗa mai nauyi. Babban ƙorafin da aka yi wa fim ɗinta shi ne, an jira shekaru saba'in kafin a samu gimbiya baƙar fata, da aka samu kuma sai ta shafe mafi yawan fim ɗin a siffar kwaɗo. A sabon lilon mutum ce daga farko har ƙarshe, mai sana'a, mai kamfanin abinci da ma'aikatansa ke da hannun jari a ciki. An gina halinta ne a kan Leah Chase, shahararriyar mai dafa abinci ta New Orleans. Anika Noni Rose da ta yi muryarta a fim ita ta dawo, mawaƙan birnin irin su PJ Morton da Terence Blanchard suka yi kiɗan, Charita Carter, baƙar mace, na cikin jagororin aikin. Yarinyar da ta ɗaga kai ta ga mai kama da ita a tsakiyar babban lilon wurin, ba a lungu ba, ta samu wani abu da babu mai ƙwace mata.

Amma rukunin da muke ganin ya fi kowa gaskiya shi ne wanda hayaniyar sauran ta danne: waɗanda suka yarda a yi sauyin, suka jira shekara huɗu, suka hau, suka sauko suna cewa labarin bai zauna ba.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan ciwon. Mai kamfani zai zo ya ce a sabunta masa manhaja, a sauya launi da maɓallai da hotuna, amma kada a taɓa injin da ke ƙasa domin taɓa shi tsada ne. Sai a yi. Fuska sabuwa fil, amma duk inda ka latsa, tsohon tsari ne ke amsawa, yana bin matakan da aka shimfiɗa masa don wata buƙata daban. Abin da ya sami wannan lilo ke nan. Magudanar ba ta sauya ba, kwanoninta na nan, tudun na nan, gangarar na nan da tsayinta. Ita kuwa wannan hanya ba bututun ruwa ba ce kawai, ƙashin bayan labari ce. An lanƙwasa ta ne don ta fara da wasa, ta shiga duhu, ta hau da fargaba, ta faɗi da kuɓuta. Jikin mahayi na karanta wannan ko da kunnensa bai ji Turanci ba.

To, ga labarin da aka ɗora a kai. Shekarar 1927 ce, bayan abin da ya faru a fim. Tiana za ta shirya wa jama'a liyafar bikin Mardi Gras, sai aka ga babu makaɗa. Ita da Louis, kadan nan mai busa ƙaho, suka shiga fadama neman dabbobin da suka iya kiɗa. Suka samu. Suka ƙara gaba suka sake samu. Mama Odie, tsohuwar bokanya mai raha, ta mai da mahaya ƙanana kamar kwaɗi don su ga makaɗan da ke cikin ciyawa, sannan a kan tudu ta mayar da su girmansu ta tura su ƙasa don kada su makara. Shi ke nan. Babu mai bin kowa, babu abin da za a rasa in ban da jinkirin biki. A inda ungulaye ke zaune da, yanzu launuka ne da fara'a. Ciki na ɗurar ruwa saboda tudun, ido kuma na ganin murmushi. Tsohuwar gangarar amsa ce ga tambayar da labarin ya yi minti goma yana ginawa. Sabuwar kuwa gajeriyar hanya ce zuwa wurin liyafa.

Abin haushin shi ne fim ɗin Tiana na da mugu na gani na faɗa, Dr. Facilier, ɗan damfara mai hulɗa da inuwoyi, wanda waƙarsa na cikin abin da aka fi tunawa a fim ɗin. Tun ranar sanarwa masoya suka riƙa zana yadda hawan tudun zai kasance a cikin duhun ɗakinsa, kamar don shi aka gina wurin. Ba a sa shi ba. An kafa labarin bayan mutuwarsa, ƙofar ta rufu. Mu a ganinmu kamfanin da ya ƙone hannunsa sau ɗaya ne ya koma tsoron ko da toka. Facilier na tafe da tsafin vudu, wanda shi ma zai iya tayar da wata ƙurar, sai aka zaɓi labarin da babu wanda zai ɓata wa rai. A nan aka rage wa Tiana. A fim mace ce mai aiki biyu, tana tara kuɗi a gwangwani don ta buɗe gidan abinci, dillalai Turawa suna gaya mata a fakaice cewa irinta ba ta kai ba. Wannan gwagwarmaya ita ta sa aka so ta. A lilon an ba ta komai tun kafin a shiga kwalekwale, ba a bar mata abin da za ta ci nasara a kai ba. Dabbobin injin sababbi sun fi na da laushin motsi nesa ba kusa ba, kiɗan ma ya yi daɗi, ko da yake a watannin farko lilon Fulorida ya yi ta tsayawa ana sauke mutane. Wannan gyara ne na injiniyoyi, kuma irin wanda ake gamawa. Gyaran labari ya fi shi wuya, don sai an fasa bango.

Akwai kuma asarar da ba mu ga masu kowane ɓangare sun damu da ita sosai ba, mu kuwa ita ta fi tsaya mana. Zomo ba na Harris ba ne, ba na Disney ba ne. Masana tatsuniya sun daɗe da nuna cewa da yawa daga waɗannan labarai daga Afirka suka tsallaka teku a kawunan mutanen da aka sayar. Labarin 'yar tsanar da ke kama ɓarawo ma mun san shi: Gizo ne ya addabi gona da sata, aka kafa masa budurwar danƙo, ya yi mata magana ta yi shiru, ya kai mari hannu ya maƙale, ya kai shuri ƙafa ta maƙale. Mutanen Akan na Ghana na da irinsa a kan Ananse. A gonakin auduga wannan labari ya ƙara nauyi, domin wanda ke ba da shi ya san waye Dila, ya kuma san abin da ake nufi da roƙon mai ƙarfi ya yi maka abin da kai kake so alhali yana zaton cutar ka yake yi.

Marubuciya Alice Walker, wadda ita ma 'yar Eatonton ce, garin su Harris, ta taɓa yin bayanin yadda wannan al'amari ya raba ta da gadonta: ta taso tana jin tatsuniyoyin a gida, da ta ga fim ɗin sai ta koma jin kunyarsu. Sata ta farko ke nan. Abin da aka yi a 2020 kuma, maimakon a mayar wa masu kaya kayansu, sai aka haɗa kayan da ɓarawon aka fitar da su tare. Ba wai babu wata hanya ba. Julius Lester, marubuci baƙar fata, ya sake rubuta labaran Zomo daga 1987 da muryar da ba ta durƙusa wa kowa, aka karɓe su hannu biyu. Gidan Harris da ke Atlanta, Wren's Nest, yau gidan tarihi ne inda masu tatsuniya baƙar fata ke zama suna ba da labaran da bakinsu. Disney na da kuɗi da gwanayen da za su iya sauya zane da waƙa, su bar Zomo a kan hanyar da aka gina don shi, su ba jikokin masu labarin su faɗe shi, sannan a gina wa Tiana nata lilon daga tushe, mai hanyar da ta dace da nata labarin. Hakan na nufin gini biyu a maimakon ɗaya, da kuma jarumi ɗaya da ba shi da fim ɗin sayarwa. Ba mu yi mamaki da ba a bi ta nan ba.

A Kalifoniya har unguwar da lilon yake an sauya mata suna daga Critter Country zuwa Bayou Country, an kuma cire waƙar tsohon fim ɗin daga kiɗan da ake sakawa a wurin. Na Tokyo ne kaɗai ya rage, domin wani kamfanin Japan mai suna Oriental Land ne ke da wurin, lasisi kawai yake biyan Disney. A can har yanzu ungulaye na zaune a kan tudu, Zomo na ɗaure a gidan Dila yana roƙon kada a jefa shi cikin sarƙaƙiya, da harshen Japananci.